Yadda Mai Zane Daga Katsina Zai Ci Kasuwar Littattafan Yara Ta Bolonya

Tun da na dawo daga Italiya, tambayar da ƙannena masu zane suka fi yi mini idan mun haɗu a majalisa ita ce, "Yaya, nawa ka samo?" Amsar ba ta yi musu daɗi. Kwana huɗu na yi ina zaga rumfuna a Bolonya ban karɓi ko sisi ba, sai ma abin da ya fita daga aljihuna. Aikin farko da tafiyar ta jawo mini sai da aka yi wata bakwai ya iso, ta imel, lokacin har na manta fuskar matar da ta aiko shi. Saboda haka duk mai tunanin zai tafi da zane ya dawo da Yuro a jaka, gara ya ajiye tunanin tun a Ƙofar Ƙaura. Wanda kuwa yake son sanin yadda ake shiga harkar, ga hanyar da na bi, da wuraren da na yi tuntuɓe. Ina cewa "ka" ne don sauƙin magana kawai. A layukan da na bi a can, mata masu zane sun fi maza yawa nesa ba kusa ba.

Da farko, ka san irin kasuwar da za ka

Sunanta Bologna Children's Book Fair, kuma da wannan sunan za ka neme ta a intanet. Tun 1964 ake cin ta, sau ɗaya a shekara, tsakanin Maris da Afrilu, daga Litinin zuwa Alhamis. Kamfanonin ɗab'i sama da 1,000 ke kafa rumfa. Kasuwar littattafan yara ce, amma ba ta yara ba ce, kuma ba littafi ake sayarwa ɗai-ɗai ba. Haƙƙi ake ciniki. Kamfanin Koriya ya buga littafi, na Faransa ya gani ya yi masa, sai ya sayi izinin fassara shi da buga shi a ƙasarsa. Idan ka taɓa tsayawa a karar Mai'aduwa ranar Lahadi ka ga dillalai na ƙus-ƙus suna ƙulla cinikin garke guda, to haka abin yake, sai dai a nan bisa tebur ake yi, da ɗan kofin gahawa a gaba. Kowane edita ya cika jadawalinsa tun daga gida, rabin awa bayan rabin awa.

Ka ga ke nan ba dominka suka zo ba. Mai zane ɗan raɓe ne a kasuwar. Sai dai ɗan raɓe ne da aka yi wa tanadi: akwai baje kolin zane na musamman, akwai bango da aka ware masa ya liƙa aikinsa, akwai kusurwar da ƙwararru ke duba kundin zane, wato tarin zanukan da mutum ke nuna aikinsa da su, suna ba da shawara, kuma kamfanoni da yawa kan ware awa ɗaya ko biyu su ga masu zane.

Ba Bolonya ce kaɗai ba. Sharja a Daular Larabawa tana da bikin karatun yara duk shekara, da baje kolin zane a cikinsa. Shanghai tana da tata kasuwar a Nuwamba, da gasar matasan masu zane. A gida akwai kasuwar littattafai ta ƙasa da ƙasa a Legas. Idan ba ka taɓa nuna wa baƙo aikinka ido da ido ba, ka fara da Legas, kuɗin mota ne. Kuma ina roƙon ka, kada ka sayar da gonar gado ko keken ɗinkin mahaifiyarka don wannan tafiya. Kasuwar tana nan baɗi.

Kundin zane: nan ne aikin yake

Shekara guda kafin tafiya ya kamata ka fara wannan, domin shi ne kayan da za ka kai kasuwa, sauran duk dako ne.

Mu nan abin da ke kawo mana kuɗi sananne ne: zana fuskar mai girma da fensir a kai masa, hoton ango da amarya, allon shago, fostar makaranta. Da irin su na fara cika kundina, ina alfahari da yadda na kamo rawani da gemu. Wani abokina da ya riga ni shiga harkar ya buɗe ya rufe, ya ce, "Malam, duk ka cire." Na ji haushi, amma gaskiyarsa. Editan littafin yara ba ya neman wanda ya iya kamo fuska. Yana neman wanda ya iya ba da labari ba tare da ya rubuta kalma ba.

Ga abin da yake so ya gani. Yaro ɗaya, shi ɗin dai, a shafuka da yawa: yana dariya, yana fushi, yana gudu, yana barci, an gan shi ta baya, an gan shi daga sama, kuma duk inda ya bayyana a gane shi ne. Wannan ya fi komai wuya, kuma shi aka fi dubawa. Sai zane uku ko huɗu a jere da ke nuna abu ya faru, wani ya biyo baya. Sai dabbobi masu hali irin na mutane. Sai wuri mai cunkoso, kamar kasuwa ko filin Idi, da wuri mai shiru, kamar tsakar gida da dare. A wasu zanukan ka bar fili da gangan, sarari ko bango ko ƙasa, inda rubutu zai zauna. Zane 12 zuwa 15 sun isa. Mafi kyau a farko, mai bi masa a ƙarshe. Duk wanda kake shakkarsa, cire shi, domin da mafi rauni ake auna ka.

Me za ka zana? Abin da ke ƙofar gidanku. Zaurukan kasuwar cike suke da masu zana dusar ƙanƙara da dila da kurmi, kuma sun fi ka iyawa saboda a ciki suka tashi. Babu wanda ya fi ka sanin yadda hawan Sallah yake a idon yaron da ke tsugune yana kallo ta tsakanin ƙafafun dawakai, ko yadda inuwar hasumiyar Gobarau ke kwanciya da la'asar, ko zanen da ke jikin soron gidan ƙasa, ko zayyanar allo ranar sauka. Ɗan Daura yana da rijiyar Kusugu da macijinta, yana da Sallar Gani. Dukkanmu muna da Gizo da Ƙoƙi. Abin da za ka guje wa shi ne "Afirka" irin ta kalanda, raƙumin dawa da faɗuwar rana da mace ɗauke da tulu. Sun gaji da ita.

Zanen da ya fi tsayar da mutane a kundina ba na dawakai ba ne. Wata yarinya ce zaune a kan tabarma, an ƙunsa mata lalle, ƙafafu da hannuwa duk ɗaure cikin leda, ba halin motsi, ga ƙaninta ya zauna daf da ita yana cinye mata ƙosai ɗaya bayan ɗaya yana kallon idonta. Wata edita da ba ta san mene ne lalle ba ta yi dariya har da dafa tebur, ta ce ita ma haka ƙaninta yake. Ita ce ta aiko imel ɗin nan bayan wata bakwai.

Idan kana da labari naka, yi masa samfuri. Littafin hoto na yara galibi shafi 32 ne. Ɗauki farar takarda 8, ninke su biyu, ka ɗinke tsakiya da zare, ka sami shafi 32 cif. Cire shafin suna da na bayanan ɗab'i, abin da zai rage wa labari buɗi 12 zuwa 14 ne, wato shafuka biyu masu kallon juna. Zana duka da fensir sama-sama, ka kammala biyu ko uku da launi. Kada ka sa fuskar kowa a daidai tsakiyar buɗi, ɗinki zai haɗiye ta. Ka kuma lura da inda ake juya shafi, domin nan ne yaro ke riƙe numfashi. Idan Turancinka bai nuna ba, labari marar kalmomi ko kaɗan abu ne da ake daraja shi sosai a can.

Wanda bai taɓa zana littafi ba yana iya shiga African Storybook ko StoryWeaver a intanet. Akwai labaran yara na kyauta, har da na Hausa. Zaɓi ɗaya ka sake zana shi yadda kake gani, don horo. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da zana mai rai ba, wannan magana ce tsakaninsa da malaminsa. Abin da zan ce kawai shi ne akwai littattafan ilimi na gine-gine, tsirrai, taurari, haruffa da taswira, kuma su ma masu zane suke nema.

Sai bugawa. Launin da ke fuskar kwamfuta daban, wanda ke fitowa a takarda daban. Ka ɗauki aikinka da sikana a kan 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, ka buga gwaji guda kafin ka ba da duka. Ni ban yi haka ba. Na kai wa wani mai shagon buga takardu a Kano ana saura mako biyu in tashi, na dawo na tarar jar rigar dogarai ta koma kalar jar ƙasa, fuskokin yara duk sun dushe kamar an zana su da magariba. Sai da na sake biya. Fatar baƙin mutum ita ce ta fi shan wahala a injin da ba a saita ba, don haka ita za ka fara dubawa. Girman A4 ya isa, A3 nauyi ne a kafaɗa kuma ba ya zama a ƙaramin tebur. Ka sa kwafin komai a waya ko kwamfutar hannu yadda zai buɗe babu intanet.

Ka shiga gasar baje koli tun da kaka

Tun 1967 kasuwar ke da baje kolin masu zane. Ana aika zane biyar masu jigo ɗaya, yanzu ta intanet, kuma ana rufe karɓa watanni kafin kasuwar, lokacin mu nan ana girbi. Alƙalai daga ƙasashe daban-daban, waɗanda ake sauyawa duk shekara, su ke tacewa. Dubbai ke aikawa, ƙasa da 100 ake ɗauka. Wanda aka ɗauka, aikinsa zai shiga kundin shekara da editoci ke ajiyewa a ofis, kuma baje kolin kan yi yawo bayan an tashi, har Japan. 'Yan ƙasa da shekara 35 daga cikinsu kuma suna cikin takarar wata kyauta da ake bayarwa tare da gidauniyar SM ta Sifaniya. Ni ba a ɗauke ni ba. Duk da haka ka aika, domin wa'adin zai tilasta maka ka gama zane biyar masu hannu ɗaya, kuma su ne za su zama ƙashin bayan kundinka. Karanta ƙa'idojin shekarar da kanka, suna ɗan canzawa.

Neman ganawa

Daga Janairu ka shiga shafin kasuwar ka buɗe jerin kamfanonin da za su zo. Kada ka aika wa kowa da kowa. Zaɓi 20 zuwa 30, ka shiga shafin kowanne ka kalli littattafansa, ka tambayi kanka ko zanenka zai zauna a tsakaninsu ba tare da ya yi baƙunta ba. Wata hanya mai sauƙi ita ce duba waɗanda suka ci kyautar gwarzon kamfanin ɗab'in yara da kasuwar ke bayarwa tun 2013, nahiya-nahiya. Na Afirka na farko Bakame ne na Ruwanda. Kada ka raina kamfanonin Afirka, da na Larabawa, da na Indiya, da na Turkiyya. Sun fi saurin amsawa, kuma sun fi fahimtar abin da ke cikin zanenka.

Wanda za ka nema shi ne daraktan zane ko edita, ba mai sayar da haƙƙi ba. Wasiƙar ta zama layi biyar: sunanka, daga Katsina a arewacin Najeriya, littafinsu kaza da ka gani ya burge ka, za ka kasance a kasuwar ranakun kaza, ko za su ba ka minti goma. Haɗa zane uku marasa nauyi da adireshin shafinka. Doguwar gaisuwa irin tamu, da "ina fata kana lafiya kamar yadda nake", ka bar ta a gida. Mafi yawa ba za su amsa ba. Idan uku suka amsa, ka yi kasuwa.

Fasfo da biza

Fasfo ka gama da shi tun wuri a ofishin shige da fice na Katsina, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da na NIN, harafi da harafi. Dole ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro Turai, da shafi biyu da ba a buga komai ba.

Bizar Shengen, wadda yawancin ƙasashen Turai suka yi tarayya a kanta, za ka nema ta Italiya. Ofishin jakadancinsu yana Abuja, ƙaramin ofishi a Legas, kuma ta cibiyar da suka wakilta ake miƙa takardu a ɗauki hoton yatsu. Ana iya nema tun ana saura wata shida, kuma abin da zan ce ka yi ke nan, domin samun ranar ganawa shi ne ƙaya. Kuɗin biza Yuro 90 ne tun tsakiyar 2024, ban da ladan cibiyar, kuma ba a mayarwa idan an hana. Za a nemi inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, shaidar masauki, shaidar jirgi zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki na watannin baya.

Abin da jami'in yake son ya gamsu da shi biyu ne: da gaske aikin zai kai ka, kuma za ka dawo. Don haka ka sa tikitin shiga kasuwar, imel ɗin waɗanda suka ba ka lokaci, hotunan littattafai ko ayyukan da ka taɓa yi, takardar wurin aiki ko rajistar sana'arka, da gajeriyar wasiƙa mai bayyana abin da za ka yi kowace rana. Kada ka ranto kuɗi ka zuba a asusu ana gobe za ka buga bayanan, suna gane wannan da kallo ɗaya. Gara asusu mai ɗan abin da ke shiga yana fita a kai a kai. Idan wani ne zai ɗauki nauyinka, ya rubuta, ya haɗa da nasa bayanan. Masu cewa ka kawo kuɗi su "haɗa maka takardu", ka guje su. Takardar bogi ɗaya tana iya rufe maka ƙofa shekaru.

Hanya da masauki

Daga Katsina ko Daura, Kano za ka nufa ko Abuja. Akwai jiragen da ke bi ta Santambul su sauka Bolonya kai tsaye, akwai masu bi ta Alƙahira ko Adis Ababa su ajiye ka a Milan ko Rum. Idan na biyun ya fi araha ka ɗauka, jirgin ƙasa mai sauri daga Milan kusan awa ɗaya ne, daga Rum kusan biyu. Daga filin jirgin Bolonya akwai ɗan jirgin ƙasa da ke kai mutum babbar tasha cikin 'yan mintuna. Ka riƙe katinka na rigakafin shawara tare da fasfo.

Masauki shi ne ke cin kuɗi. Makon kasuwa ɗakunan Bolonya kan yi tashin gwauron zabo, kuma tun kaka ake kama su. Ka kama wanda za a iya sokewa ba asara, ko da biza ba ta fito ba. Idan garin ya gagara, duba Modena, Ferrara ko Imola, duk kusan rabin awa ne a jirgin ƙasa. Tikitin takarda na ƙananan jiragen ƙasa sai an cusa shi a ɗan injin da ke tasha ya buga masa lokaci kafin a hau, in ba haka ba tara ce. Katin bankinka ka gwada shi da sayen wani abu na waje tun kana gida, ka kuma canji ɗan Yuro a hannu, ƙananan takardu.

Kaya: kundi, samfurin littafi, ƙananan katuna 150 zuwa 200 masu zanenka a gaba da sunanka da imel a baya, fosta biyu ko uku, salatif mai ƙarfi, almakashi a jakar da za a auna, ɗan littafin rubutu, fawa bank, da adafta, domin soket ɗinsu mai zagayen rami ne, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga. Rigar sanyi da lema, don Afrilunsu kamar sanyin Disambarmu ne, ga ruwa. Takalmi kuwa, wanda ka saba da shi. Na sayi sabo don in yi kyau, ranar Talata da yamma ina tafe kamar mai kaushi. Kaftani da hula ba laifi, sun ma taimaka mini, domin washegari mutane na cewa "kai ne mai hular jiya".

Cikin kasuwa

Ranar Litinin ka isa kafin a buɗe ƙofa, ka wuce kai tsaye bangon masu zane. Dogon bango ne fari, kafin azahar ya cika maƙil, wani kan wani. Liƙa fostarka daidai tsayin ido, ka manna ɗan aljihun kwali a ƙasanta ka zuba katuna. Kada ka rufe aikin wani. Kai kuwa za a rufe naka, shi ya sa na ce ka zo da fiye da ɗaya, ka riƙa leƙawa kullum da safe. Gaskiya bangon bai cika kawo aiki ba, amma ba ya cin komai.

Daga nan ka nufi kusurwar masu zane, wadda suke kira Illustrators Survival Corner. Nan ake duba kundi, ana kuma yin darussa kan kwantiragi da farashi. Gurabe na cika da wuri, don haka ka san yadda ake rajista a shekarar tun kafin ka zo. Sauran ranar farko ka yi ta yawo da ido. Duk rumfar da ta yi maka, ɗauki littattafansu ka duba, rubuta sunanta da lambarta, ka karanta ɗan allon da suke kafewa mai cewa za su ga masu zane ranar kaza ƙarfe kaza. Idan babu allo, tambayi wanda ke bakin rumfa cikin ladabi. Idan ya ce ba sa gani, nemi adireshin da ake aika aiki, ka bar kati, ka yi gaba. Kada ka taɓa katse mutum biyu da ke zaune a tebur, ciniki suke yi.

Talata da Laraba su ne ranakun layi. Layin babban kamfani na iya cin awa biyu, a kuma rufe kafin a zo kanka. Ni na fi ganin amfanin ƙanana uku a kan babba ɗaya. Kuma layin kansa makaranta ne. A nan na ga kundin wata 'yar Iran da na wani ɗan Ajantina, na gane inda nake da inda ban kai ba, a nan kuma ake gaya wa juna wane kamfani ke biya, wane ne ke ja.

Idan aka zo kanka, minti biyar ne, da ƙyar goma. Gaisuwa ɗaya, sunanka, garinku, ka juya kundin ya kalli editan, ka yi shiru. Ka bar shi ya buɗa da kansa. Kada ka ce "wannan ban gama ba" ko "na yi shi cikin sauri". Ka lura da inda hannunsa ya tsaya, wannan ya fi abin da bakinsa zai faɗa. Yabo irin na "kyakkyawa ne" ba komai ba ne, ladabi ne. Alamar gaske ita ce ya ɗauki hoton wani shafi, ko ya ba ka katinsa, ko ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Kafin ka tashi ka yi tambaya ɗaya: me ya rage a kundin nan da zai sa ku ba ni aiki? Da ka fita, tsaya gefe ka rubuta sunansa, abin da ya so, abin da ya ce a gyara. Zuwa dare duk fuskokin sun gauraye.

Alhamis rabin rana ce, manya sun fara tafiya. Amma ita ce ranar da wasu rumfuna ke sayar da littattafan da suka baje, ko su bayar, don kada su koma da kaya. Ka bar wuri a jaka.

Maganar ciki. Bolonya garin naman alade ne, da shi suke alfahari, kuma yana ɓuya a inda ba ka zato: cikin miyar taliya, cikin 'yan ƙunshin taliya, har cikin wani burodin da ake murzawa da kitsensa. Riƙe kalmomin nan: maiale, prosciutto, pancetta, mortadella, strutto. Duk inda ka gan su, wuce. Kewayen babbar tasha da unguwar da ke bayanta akwai shagunan 'yan Pakistan, Bangaladash da Maroko masu halal. Abincin cikin kasuwa tsada gare shi ga layi, don haka ka shigo da burodi, dabino, ƙuli-ƙuli da gorar ruwa. Kilishi kuwa kada ka ɗauko, ba a shiga Turai da nama. Sallah, ka tafi da ƙaramar darduma ka nemi lungu mai shiru, ba wanda ya taɓa ce mini uffan. Ka duba kalanda kuma: a 2024 daga 8 zuwa 11 ga Afrilu aka ci kasuwar, ƙaramar Sallah ta faɗo ranar Laraba a tsakiyarta, na 2025 kuma aka buɗe washegarin Sallah.

Idan aka ce ana so

Kada ka sa hannu a komai a rumfa. Ka ce a aiko maka ta imel. Biya iri biyu ne: ko a ba ka dunƙule sau ɗaya, ko a ba ka kafin alƙalami sannan ka riƙa samun kaso daga kowane kwafi bayan cinikin ya mayar da abin da aka ba ka. A littafin hoto, kason nan galibi raba shi ake tsakanin marubuci da mai zane. Abin da za ka sa ido a kai: da wane harshe za su buga, a waɗanne ƙasashe, na shekara nawa, nawa ne rabonka idan suka sayar wa wani kamfani izinin fassara, sau nawa za su sa ka gyara, me za a biya ka idan suka fasa a tsakiya, kuma sunanka zai fito a bango ko a'a. Idan ka ga an rubuta duk haƙƙoƙi, duk duniya, har abada, to kuɗin ya zama mai tsoka, ko ka nemi a rage. Abu ɗaya da nake roƙa kullum shi ne a bar mini haƙƙin Hausa. Yawancinsu ba su da niyyar bugawa da ita, ba sa jayayya, kai kuwa shi ne zai ba ka damar ganin littafin a hannun yaran unguwarku. Dillalan masu zane ma suna zuwa kasuwar. La'adarsu daga abin da suka samo maka take fita, duk wanda ya ce ka biya shi tukuna ba dillali ba ne. Ka tanadi asusun kuɗin waje tun kafin a tambaye ka. Wanda kuma ya ce ka zana masa shafi goma kyauta "don gwaji", ka ce gwaji ɗaya ne, kuma da kuɗinsa.

Bayan ka dawo

Ka huta, ka raba tsaraba, ka bar su su ma su sauke gajiya. Bayan mako biyu ka buɗe ɗan littafin nan naka ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Kowa da wasiƙarsa: mun haɗu ranar Talata a rumfarku, ni ne na Katsina, kin tsaya a kan zanen yarinya mai lalle, ga shi na haɗo, ga kuma sabo. Wanda ya ce ka ƙara zanen dare, zana daren ka aika masa. Wanda ya yi shiru, ka sake taɓa shi bayan wata uku da sabon aiki, ba da "ina jiran amsa" ba. Katunan da ka tara ka juye su a takarda ɗaya: suna, kamfani, ƙasa, ranar da ka rubuta, ranar da za ka sake. Ta wajena tana manne a bangon shago, saman teburin zane, da sunaye 23. Huɗu na ja musu layi da jan biro, su ne suka amsa.